Shekari Mai Burodi da Ruwan Gidan Ɗanmaraya

Duk wanda ya zauna a Sabon Gari ko Samaru shekarun baya ya san Shekari mai burodi. Ko bai san sunansa ba, ya san kekensa: baƙin keke mai ƙaton akwatin katako a baya, an shafa masa koren fenti, ƙararrawarsa ta daɗe da shaƙewa, sai dai ya riƙa kiran "Hanya, hanya!" da baki. Dogo ne siriri mai wushirya, kuma in ba a coci ba, ba ka ganinsa ba malafa.

A Unguwar Gabas aka haife shi. Mahaifinsa mutumin kudancin Kaduna ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo Zariya, ya yi aure ya zauna. Shekari bai wuce firamare ba. Yayarsa Albarka ce ta kama hannunsa ta kai shi gidan burodin wani Bayarabe a bayan kasuwa. Ya fara da shafa wa gwangwanaye mai, daga baya aka ga yana da ƙafa da fara'a, aka ba shi keke. Aikin da ya yi ke nan sama da shekara talatin. Da sassafe zai yi lodi a Sabon Gari, ya bi ta Kwangila, ya sauke a Palladan, ya wuce Samaru wurin masu shayin da ke ciyar da ɗalibai, abin da ya rage ya ƙarasa da shi Bomo da ƙauyukan bayanta.

Matsalarsa ɗaya, bai iya wuce shago bai tsaya ba. Sai ya ji wa aka haifa, wa ya rasu, wa ya tashi, wa ya kama shagon da aka bari. Matarsa Janet takan ce mutanen Bomo ba su taɓa sanin ɗanɗanon burodi mai zafi ba, saboda bakin maigidanta. Shi kuwa dariya yake yi, ya ce ai gaisuwa ma aiki ce.

Da gidajen burodi suka koma raba kaya da mota, gwiwarsa ta dama kuma ta fara ciwo, sai ya jingine keken. Amma zama bai karɓe shi ba. Wata rana faston cocinsu ya yi baƙo daga Jos, ba shi da lokacin zagawa da shi, sai ya haɗa shi da Shekari. Baƙon ya dawo da yamma ƙafafunsa sun yi tsami, bakinsa bai rufu ba don yabo. Daga nan abin ya zama al'ada. Malaman jami'a in sun yi baƙi, tsofaffin ɗalibai da suka dawo ganin inda suka yi ƙuruciya, 'yan'uwan amarya da suka zo biki daga nesa, duk sai a ce a kai su wurin Baba Shekari ya nuna musu gari. Ba ya yanka wa kowa farashi. In an saya masa abinci ya ci, in ba a saya ba ya dawo gida ya ci tuwon Janet.

Yawonsa yakan fara ne daga tashar jirgi, inda zai nuna maka tsofaffin gine-ginen da ake auna gyaɗa da auduga a da. Sai ya ratsa da kai layin teloli, ya tsaya a ƙofar tsohuwar silima da ta zama wurin ajiye siminti, ya ba ka labarin yadda suke hawa bishiyar bayanta suna kallo kyauta. Ba ya tsallake shagon Amaechi mai kayan keke. A nan zai sa ka zauna kan benci, ya gaya maka yadda mahaifin Amaechi ya gudu lokacin yaƙin basasa, ya dawo ya tarar maƙwabcinsa Bazazzagi ya riƙe masa shagon ko ƙusa ba ta ɓata ba. In ranar Juma'a ce ya kai ka kasuwar Samaru. In lokacin bikin godiyar girbi ne na coci-coci, ya san wanda matansa suka fi iya pate. In ana gasar ƙwallon unguwanni, ya san inuwar da ta fi kallo.

Wuri ɗaya ne ba ya kai baƙo. A wani ɗan ƙauye bayan Bomo, ƙarƙashin wani faffaɗan dutse, akwai marmaro da ruwansa ke fitowa da ɗumi, rani da damina. Mutanen wajen suna wanka da shi don ƙaiƙayi da ciwon gaɓoɓi, tsofaffi kan zauna su tsoma ƙafa su yi ta hira. Ko yana magani ko ba ya yi, ba wanda ya taɓa aunawa. Su dai sun ce suna jin daɗinsa. Ruwan yana cikin gonar gadon wani dattijo da ake kira Ɗanmaraya, Bamaguje ne da ya karɓi Kiristanci da furfurarsa.

Sanayyarsa da Shekari ta samo asali ne tun wata damina da santsi ya kwashe Shekari da keke da burodi ya watsa a kwalbati. Ɗanmaraya ne ya tsince shi yana dawowa daga gona, ya goya shi har bakin marmaron, ya wanke masa raunin, ya ɗaure da ganye. Tun daga ranar gidan Ɗanmaraya ba su rasa burodi ba, gidan Shekari kuma ba su rasa sabuwar dawa da kaka ba. Ranar da aka yi wa dattijon baftisma, Shekari ne ya tsaya a bayansa. Ɗanmaraya yakan ce masa, "Ruwan nan ba nawa ba ne, tsaronsa aka bar mini. Kowa ya zo ya yi wanka. Amma kada ka kwaso mini 'yan kallo." Shekari kuwa ya riƙe wannan magana shekara da shekaru.

Sai ga Julius ya zo.

Julius ɗan Albarka ne. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, don haka a gidan Shekari ya tashi, kwano ɗaya da 'ya'yan gidan. Ya yi karatu, ya tafi Abuja, ya shiga harkar gine-gine, Allah ya buɗa masa. Tun jana'izar mahaifiyarsa bai sake taka Zariya ba, sai waya jefi-jefi. Wata kaka, bayan an gama yankan dawa, sai ga baƙar mota ta tsaya a ƙofar gidan. Julius ya fito ya durƙusa har ƙasa, ya kama gwiwoyin kawunsa. Tare da shi akwai wani abokin aikinsa, Wisdom, mai rataye da kyamara.

Bayan an ci an sha, Julius ya ce, "Kawu, 'ya'yana sun girma ba su san inda kakarsu ta fito ba. In na ce Sabon Gari sai su tambaye ni a wace ƙasa take. So nake ka zaga da ni kamar yadda kake zagawa da baƙi. Wisdom zai ɗauki hoto, in kai musu su gani."

Shekari ya kalli Janet, idanunsa suka kawo ruwa. Duk baƙin da ya yi ta zagawa da su, ba nasa ko ɗaya. 'Ya'yansa na cikinsa sun gaji da labaransa tun suna yara. Yau ga jinin Albarka ya zo da kansa yana roƙo.

Washegari ya sa rigarsa ta zuwa coci. Ya hana a ɗauki mota, ya ce gari da ƙafa ake saninsa. Suka kwana biyu suna yawo. A kowane shago sai ya ja Julius gaba ya ce, "Kun gane shi? Ɗan Albarka ne, Albarka mai ƙosai ta bakin famfo." Tsofaffin mata suka yi ta tafa hannu suna rungumarsa. Amaechi ya buɗe musu lemo, ya ƙi karɓar komai. Wani tela da ya ɗinka wa Julius rigar makarantarsa ta farko ya fito da tsohon almakashinsa ya ce da wannan ne. Julius yana saurare, yana dariya, yana tambaya. Wannan ginin na wa ne yanzu? Daga nan zuwa filin jirgin Kaduna awa nawa ne? Baƙin da ke zuwa jami'a ina suke sauka? Shekari ya yi ta amsawa da jin daɗi, yana ganin yaron ya damu da garinsu.

Suna cin tsire a Palladan da la'asar, Julius ya sassauta murya.

"Kawu, lokacin da ƙafafun Mama suka kumbura, ta ce ka taɓa kai ta wani ruwa mai ɗumi. Har ta kusa rasuwa tana zancensa. Ta ce ranar ce kawai ta yi barci ba ciwo."

Gaskiya ne, ya kai ta. Shekari ya riƙa juya tsinken tsire.

"Wurin ba na kallo ba ne, Julius."

"Ni ba kallo zan je ba, Kawu. Inda uwata ta ji sauƙi nake so in gani."

Da ya gaya wa Janet zai kai shi, ta ce, "Shi kaɗai, ko da mai kyamarar?" Ya ce ai tare suka zo, ba za a bar baƙo a gida ba. 

An yi dace, ko kuma rashin dace, Asabar ɗin makon ce ranar yashe. Kowace shekara bayan girbi mutanen ƙauyen kan taru su kwashe laka da ganyayen da damina ta tara a bakin marmaron. Fasto ya buɗe da addu'a, maza su shiga da kwanduna da shebur, mata su girka tuwon dawa da miyar yakuwa a gindin ɗorawa, a dama kunu a manyan tukwane, masu ganga su yi ta kiɗa. In ruwan ya kwanta ya yi garau, Ɗanmaraya ne ke fara wanke fuska, sannan kowa ya shiga.

Dattijon yana zaune kan dutse da sandarsa sa'ad da suka iso. Ya amsa gaisuwar Shekari da murna, sannan ya tsayar da ido kan baƙin biyu da kyamarar.

"Shekari, waɗannan fa?"

"Baba, wannan ɗana ne. Ɗan Albarka, wadda na kawo maka da kumburin ƙafa. A hannuna ya tashi. Duk abin da za ka yi mini, ka yi masa."

Ɗanmaraya ya miƙa wa Julius hannu. "To, ɗan Shekari ɗana ne. Ka zauna."

Julius ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya shiga laka tare da kowa. Ya ci tuwo da hannu, ya yi wa masu ganga liƙi. Wisdom yana ta ɗaukar hoto. Da ruwan ya kwanta, Shekari ya tsuguna ya kamfato da tafukansa biyu, malafarsa ta zame baya, wani ya yi abin dariya, ya ɗago yana ƙyalƙyalawa. Ya ji ƙarar kyamara, bai kula ba.

Kafin su tafi, Julius ya durƙusa gaban dattijon ya ce yana so ya yi wani abu don tunawa da mahaifiyarsa: matakala ta siminti don tsofaffi su daina zamewa, da 'yar rumfa ta canza kaya. Ɗanmaraya ya juya ya kalli Shekari. Shekari ya gyaɗa kai. Dattijon ya ce to, a yi magana da babban ɗansa Micah. Julius ya karɓi lambar Micah.

Bayan nan Shekari ya ji an fara kai yashi da bulo, ya yi murna, har ya ba da shaida a coci cewa Allah ya ba shi ɗa mai tuna baya. Da damina ta sauka gwiwarsa ta tsananta, ya yi watanni bai wuce bakin layinsu ba. In ya kira Julius, sai ya ce aiki na tafiya, Kawu ya huta, zai zo ya ɗauke shi ranar buɗewa. Ya kira Micah bai ɗauka ba, ya ɗauka rashin sabis ne na ƙauye. Kaka ta zo, ba a aiko da dawa daga gidan Ɗanmaraya ba. Janet ta lura, shi ma ya lura.

Ranar da ƙafar ta yi sauƙi ya lallaɓa zuwa shagon Amaechi. Amaechi bai jawo masa benci ba.

"Oga Shekari, you don hammer o," in ji shi, yana goge wata sarƙar keke. Sai ya juya Hausa. "Ka zama babban mutum, ko gaya mana ba ka yi ba."

"Wane irin babban mutum?"

Amaechi ya dube shi da kyau, ya ga da gaske bai sani ba. Ya ajiye sarƙar. "Ka hau Keke Napep ka je hanyar Samaru, daidai mararrabar Bomo. Ka ɗaga kai."

Tun daga nesa ya hango kansa. Allon talla ne ƙato, ya fi ɗakin kwanansa faɗi. Ga shi tsugune, ruwa a tafukansa, malafa a ƙeya, wushiryarsa a buɗe ga duk mai wucewa. A sama an rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Sauran Turancin ya yi masa yawa, ya roƙi wata ɗaliba da ke jiran mota ta karanta masa. Ta ce wurin hutawa ne da wankan lafiya, akwai ɗakunan kwana da tausa da wurin cin abinci, sunan wurin Marmaron Baba Shekari. Sai ta dube shi, ta dubi allon, ta ce, "Lah, Baba, kai ne! Congrats!"

Bai koma gida ba. Ya hau acaɓa zuwa ƙauyen. Hanyar da ya sani ta ƙafa ta zama titin tsakuwa. Inda gonar take, katanga ce doguwa mai waya a sama, ta zagaye dutsen da ɗorawar da komai. A ƙofa akwai maigadi da yunifom. Wasu mata suka wuce shi da jarkoki a ka, daga rafin da ke can gangare suke. Matan da ya san sunayen 'ya'yansu ne. Ya gaishe su, ba wadda ta juyo.

Ya wuce gidan Ɗanmaraya, Micah ya tare shi a ƙofar gida, ya tsaya bai ba shi wurin zama ba. Da Shekari ya rantse masa bai san komai ba, sai ya ba shi labari a tsaye. Julius ya yi ta zuwa, kullum da cewa Kawu ne ya aiko shi. An yi matakala, an yi rumfa. Daga nan ya ce shi da Kawu sun yi shawara, wurin zai fi amfanar ƙauye in an gyara shi sosai, samari su sami aiki. Ya bi 'ya'yan gidan ɗaya bayan ɗaya, ya bi masu faɗa a ji. Aka sayar masa da gonar bisa alkawarin baki cewa ruwan zai zauna a buɗe. Da farko Ɗanmaraya ya ƙi, ya ƙi, har aka ce masa Shekari da kansa yana cikin masu wurin, sunansa ma za a sa. A nan ne ya ce in Shekari ya gani ya yarda, a yi.

"Mu ma da laifinmu," in ji Micah. "Mun ga abin duniya. Amma da ba don sunanka ba, Baba ba zai taɓa sakin wurin nan ba."

Shekari ya roƙa a yi masa iso. Aka daɗe, sannan dattijon ya fito yana dogara sanda. Ya rame. Shekari ya cire malafa ya fara magana, Ɗanmaraya ya ɗaga hannu.

"Ka ce duk abin da zan yi maka in yi masa. Na yi."

Ya juya ya koma ciki.

Julius yana cikin katangar a ranar, ana shirin buɗewa. Maigadi ya hana Shekari shiga sai da ya dube shi da kyau ya ga fuskarsa ce aka buga a jikin yunifom ɗin da yake sanye da shi, sannan ya ƙame ya sara masa. Aka kai shi ofis mai sanyi. Ta taga ya hango marmaron an lulluɓe shi da tayil shuɗi, an jera kujerun kwanciya. An sare ɗorawar.

Julius ya taso da fara'a. "Kawu! Ka ɓata mini shiri, so na yi in ba ka mamaki."

"Ka ba ni."

"Zauna mana, Kawu. Wallahi na ɗauka za ka yi murna. Sunanka fa na sa, ba nawa ba. Akwai ɗakinka a nan. Kuma yawon nan da muka yi, shi za mu riƙa yi wa baƙi: tashar jirgi, silima, shagon Amaechi, kasuwar Juma'a. Da mota mai sanyi, kai ne a gaba da lasifika. An ma ɗinka maka kaya."

Shekari bai zauna ba. "Tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar da muke cin tsire a Palladan, ka kira mini sunan Albarka. Ka riga ka san abin da kake nema?"

Julius ya kalli tebur. Ya gyara wayarsa, ya sake gyarawa.

"Kawu, da na faɗa maka, ai da ba ka kai ni ba."

Shekari ya ce daga baya, da yaron ya yi masa ƙarya a wannan lokacin, da wataƙila ya sami abin riƙewa. Ya sa malafarsa ya fita. Julius ya biyo shi yana cewa a kai shi gida da mota, bai waiwaya ba.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi ɗaci a rayuwarsa. Rabin Sabon Gari sun ɗauka ya yi arziki yana ɓoyewa. Masu neman taimako suka riƙa sallama a ƙofarsa, in ya ce ba shi da shi su tafi suna zaginsa da rowa. Waɗanda suka ji labarin ƙauyen kuma suka ce ashe duk gaishe-gaishen nan na shekaru leƙen asiri ne. A coci, matar da ke zama kusa da Janet ta canza benci. Ya je wurin mai unguwa, ya je wurin wani lauya ɗan cocinsu. Lauyan ya ce cinikin gona ya zauna tunda masu ita ne suka sayar. Batun hoto kuwa ana iya ƙara, amma zai ɗauki shekaru. Ya kira Julius ya ce a sauke allon, Julius ya ce an riga an buga sunan a ko'ina, Kawu ya yi haƙuri. Daga baya ya daina ɗaukar wayar. Janet ba ta taɓa ce masa ai na faɗa maka ba, sai dai ta ga tuwon da take zuba masa yana dawowa.

Wata Juma'a da hantsi, lokacin da hanyar ta cika da masu zuwa kasuwa, ya ari tsani wurin wani mai gyaran wuta, ya ɗauki wuƙar yankan burodi, ya sa aka kai shi mararrabar. Ya jingina tsanin ya fara hawa, ƙafar lafiya gaba, mai ciwon tana bi. Masu acaɓa suka tsaya. Ɗalibai suka fito da wayoyi. Wani yana ihu, "Baba, sauko, za ka faɗi!" Ya kai daidai haɓar hoton, ya soka wuƙar a ƙyallen da aka buga hoton a kai, ya bi da'irar fuskar yana yanka iya inda hannunsa ya kai, ya fizge sauran. Ya sauko da ƙyallen a hannu, gumi ya jiƙe rigarsa. Ya juya ga taron ya ce da ƙarfi, "Ni ne Shekari. Ban sayar da ruwan kowa ba. Ɗan 'yar'uwata ne ya yi amfani da ni." 

'Yan sanda suka tafi da shi. Amaechi ya rufe shago, ya ɗauko fasto, suka je suka tsaya masa. Kafin la'asar Julius ya kira ya ce ba ya ƙara, a sake shi. Bidiyon ya zaga wayoyi har Abuja. Dattawan coci suka aika wa Julius, dangi suka yi ta kira. Bayan wasu makonni aka canza wa wurin suna, aka sauke allon, aka jawo famfo ɗaya zuwa wajen katanga don mutanen ƙauye. Ruwan yana zuwa, amma kafin ya bi bututu ya iso ya huce, kuma ba wurin da tsoho zai zauna ya tsoma ƙafa. Ranar yashe ba a sake yin ta ba. Wurin yana nan yana aiki, motoci na zuwa daga Kaduna da Abuja a ƙarshen mako.

Mutanen Sabon Gari sun dawo suna gaishe shi, wasu har da ba da haƙuri. Fasto ya yi ƙoƙarin haɗa shi da Julius, Shekari ya ce ya yafe a gaban Allah, amma ba ya son ganinsa. Da Kirsimeti direban Julius ya kawo buhun shinkafa da jarkar mai, Janet ce ta fita ta ce a mayar. Baƙi kuwa ya daina zagawa da su. In aka aiko, sai ya ce ƙafa.

Sau ɗaya ya sake haɗuwa da Ɗanmaraya, a kasuwar Samaru, wajen masu gishiri da kanwa. Micah na riƙe da hannun tsohon. Shekari ya matsa ya cire malafa.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya? Yaya mutanen gida?"

"Ba gajiya. Suna lafiya. Yaya iyali?"

"Lafiya lau, Baba."

"To madalla. A gaishe su."

Ya amsa kowace gaisuwa cikakkiya, ba fushi a fuskarsa, kamar yadda zai amsa wa duk wani mai wucewa. Bai kira sunansa ba. Ya karɓi ƙullin gishirinsa, Micah ya ja shi suka shiga cikin mutane. Shekari ya tsaya a wurin har mai kanwar ta ce masa, in ba saye zai yi ba ya ɗan matsa, yana tare mata masu ciniki.